Sirrin Ɗanka Yana Cikin Wayar Wa?

Yau ba darasin rage shan data ko gyaran wajen caji na zo da shi ba. Wata magana ce da ta daɗe tana ci min rai, kuma ta shafe ka matuƙar kana da ɗa ko ƙani a makaranta.

Kwanaki wani malami ya kawo min wayarsa, sikirin ya fashe. Ya faɗa min lambar buɗewa, ya ce bari ya shiga kasuwar Kwanar Dangora ya dawo. Na sa sabon sikirin, na ɗauki hoto ɗaya don gwada kyamara, na shiga wajen hotuna in goge. Sai ga hotunan takardu jere. Kafin in ankara idona ya karanta biyu-uku: sunan yaro, ajinsa, sunan mahaifinsa, sai bayani. Wannan yana farfaɗiya. Wannan ta kai aji shida ba ta iya haɗa baƙi ba. Wannan tun da iyayensa suka rabu ya daina magana a aji. Wallahi ɗaya daga cikinsu na san gidansu.

Malamin nan ba mugu ba ne. Shi aka ɗora wa aikin ba ɗalibai shawara, ba a ba shi kabad mai makulli ba balle kwamfuta, sai ya mai da wayarsa ofis. Da na yi masa maganar, shiru ya yi, sannan ya ce bai taɓa kawo hakan a ransa ba.

A ƙasashen da suka yi nisa, hukumomin ilimi suna ɗaukar masana halayyar yara aiki, su gwada yaron da karatu ke ba wahala, su zauna da iyayensa, su rubuta rahoto. Mu a Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, yawanci malamin shawara ne ko hedimasta ke riƙe wannan aikin. In abin ya fi ƙarfinsu sai a ce ka kai yaro Kano, Asibitin Malam Aminu Kano ko na Dawanau, ko a yi maka kwatancen makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki. Ka dawo da takardar likita, makaranta ta ce turo mana ta WhatsApp. Daga nan fa labari ya canja.

Ko masu kuɗi da na'urori ba su tsira ba. A watan Satumba na 2022 'yan kutse suka shiga kwamfutocin hukumar makarantun birnin Los Angeles a Amurka. Hukumar ta ƙi biyan kuɗin fansa, su kuma suka watsa abin da suka kwasa a intanet. A farkon 2023 ta amsa cewa har da rahotannin gwajin ɗalibai kusan 2,000, akasarinsu sun daɗe da barin makaranta. Ka ji fa, yaro ya girma ya kama sana'a, takardar ƙuruciyarsa tana biye da shi.

Mu nan ba sai ɗan kutse ya wahalar da kansa ba. Da hannunmu muke yi. Malami ya tura takarda gurup ɗin malamai mai mutum arba'in, ta sauka a wayoyi arba'in. A cikinsu akwai wadda yara ke buga gem da ita da daddare, akwai wadda za a sayar a Farm Center ba a goge komai ba, akwai wadda za ta kwana a shago irin nawa.

Za ka iya cewa, to ai dole malami ya san matsalar yaro kafin ya taimake shi. Gaskiya ne, ban musa ba. Malamin ajin yaro mai farfaɗiya ya kamata ya san abin da zai yi in ta tashi. Amma malamin wani aji daban me ya haɗa shi da ita? Wani kuma zai ce garinmu kowa ya san kowa, me ake ɓoyewa? Wannan shi ya ma fi sa abin muni. A nan, in aka laƙaba wa yarinya "mai aljanu" ko "mai taɓin hankali", sunan zai bi ta har ranar da aka zo binciken aurenta. Sauran iyaye kuma in suka ga haka, sai su ɓoye nasu a ɗaki su ƙi neman taimako. Wa aka cuta? Yaran.

Kuma akwai doka. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanan Mutane ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman. A kan yara, asali sai da yardar iyaye ko mai riƙo. Ta yi sassauci ga aikin ilimi da lafiya, amma da sharaɗin mai aikin yana ƙarƙashin wajibcin riƙe sirri. Kana da 'yancin ganin abin da aka ajiye, a gyara in akwai kuskure, kuma kana iya kai ƙorafi hukumar.

Ga abin da nake ba ka shawara:

1. In da hali, kai takardar da kanka, wanda ya dace ya karanta a gabanka. Cikin ladabi ka tambaye shi: Malam, wa da wa zai gani, ina za a ajiye, yaushe za a goge?

2. In dole sai ta WhatsApp, tura wa mutum ɗaya, ba gurup ba. Kafin ka tura hoton, danna alamar ① don a buɗe shi sau ɗaya kawai. Ba ta hana a ɗauka da wata wayar, amma ba zai sauka cikin hotunansa ba.

3. In kai malami ne, kwashe irin waɗannan takardu daga wajen hotuna ka zuba a Safe folder na manhajar Files by Google, da lambar da ta sha bamban da ta buɗe waya. Kawai ka riƙe lambar da kyau, in ka manta ta abin ciki ya tafi. Sannan ka rubuta lamba a madadin sunan yaro, sunayen su zauna a littafi daban.

4. In za ka kawo mana gyara, cire memori da layi. Canjin sikirin ko wajen caji ba ya buƙatar ka bar mana lambarka, in an zo gwaji ka buɗe da hannunka. Sababbin Samsung suna da Maintenance Mode, kunna shi kafin ka miƙa.

5. In za ka sayar da waya, fita daga akawun ɗinka na Google, sannan ka goge ta gaba ɗaya ta koma kamar sabuwa.

Ku kuma abokan sana'a, mu ji tsoron Allah. Wayar da aka ajiye a teburinka amana ce. Abin da ido ya gani bisa kuskure, kada baki ya kai shi majalisa.

Shi malamin nan, a ranar muka zauna muka kwashe takardun muka kulle, bai ɗauke mu minti goma ba. In ka san wani malami ko hedimasta, tura masa wannan rubutun tun kafin sikirin ɗinsa ya fashe. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya rufa mana asiri.