Sharhi: Shekarun da Ƙwayar HIV Ke Yi Shiru

Sharhinmu na yau a kan cutar nan ne mai karya garkuwar jiki.

A cikin jinin ɗan Adam akwai wasu ƙwayoyi da likitoci ke kira CD4, su ne ke tayar da sauran dakarun jiki idan cuta ta shigo. Su ƙwayar HIV take farauta. Ta shiga cikinsu, ta hayayyafa, ta kashe su. A gwajin jini, lafiyayyen mutum kan samu daga 500 zuwa 1,500. Idan suka faɗi ƙasa da 200, an kai matakin ƙanjamau, inda tarin fuka da gudawar da ba ta tsayawa ke samun jiki a buɗe.

Abin da ya fi damuna shi ne shekarun da ke tsakanin kamuwa da wannan matakin. Mako 2 zuwa 4 bayan kamuwa, wani zai yi zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ya ɗauka masassarar cizon sauro ce, ya sayi magani a kemis, ya ware. Daga nan sai shiru, wani har shekara 10. Yana zuwa gona, yana ƙara aure, fuska fes, ciki kuwa ana ci kamar gara a azara. Shi ya sa ido ba ya gane mai ita, sai gwaji. Wanda ya yi gwaji jim kaɗan bayan yana zargin ya ɗauka, ya sake bayan wata 3.

Ana ɗaukarta ta jima'i, da ƙarin jinin da ba a tantance ba, da allura ko askar da aka yi wa wani aiki da ita, da kuma daga uwa zuwa jariri. Sauro ba ya yaɗa ta, cin tuwo a kwano ɗaya ma haka, don haka ƙyamar mai ita zalunci ne.

Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ita a Najeriya. Maganin da ake bayarwa kyauta a asibitocin gwamnati ba ya kashe ta, amma yana danne ta har gwaji ya kasa ganinta, mai ciki ta haihu jaririnta lafiya. Sharaɗin shi ne a sha kullum. Wanda ya ji sauƙi ya ajiye, ko wani mai magani ya ce masa ya warke, ƙwayar za ta farfaɗo, wani lokaci ma ta daina jin maganin da yake sha a da.