Hunturu: A gyara wayar wuta kafin a sayi hita

Jama'a, duk wanda ya yi sammakon kasuwar Dakoro tsakanin Disamba da Fabrairu ya san hunturu ba abin wasa ba ne. Mata masu ƙosai da koko kan tashi tun kafin asuba, ruwan randa kamar ƙanƙara. Shi ya sa muke shigar da kaskon garwashi ɗaki, mu rufe ƙofa da taga. To a nan haɗarin yake. Gawayi idan yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska marar wari marar launi. Takan fara da ciwon kai da jiri da amai, wani kuma daga barci sai lahira.

Yanzu kaya sun shigo daga Maraɗi da Kano: hitar ruwa, hitar ɗumama ɗaki, har da soket ɗin da ake kunnawa a kashe da salula. Ba mu ƙi ci gaba ba. Amma sabon gini a kan ruɓaɓɓen tushe asara ce.

Mu yi lissafi irin namu na ƴan kasuwa. Ƙwan fitila na zamani bai wuce wat 10 ba. Hitar ɗaki kuwa takan ja wat 2000, daidai da ƙwai 200 a lokaci guda. Siririyar wayar da aka ja don fitila da cajin salula ba za ta ɗauka ba. Sai ta yi zafi, robar ta narke, gobara ta tashi. Ƙaramar solar gida ma ba ta iya tayar da hita. Soket mai aiki da salula shi ma yana da iyakar nauyin da aka rubuta a jikinsa, kuma ba ya karɓar umarni daga nesa sai da intanet.

Kada mu manta da 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijeriya ta yanke wutar da take sayar wa NIGELEC, ba a maido ba sai Maris 2024. Wanda ya dogara da kuran kaɗai ya ji jiki.

Saboda haka shawararmu ita ce, kafin a fitar da jikkunan sayen hita, a kira ƙwararren mai gyaran wuta ya duba waya da kwantar, ya ja wa hita layinta daban. Mai garwashi kuma ya bar kafar iska, ya fitar da kasko waje kafin a kwanta, a ƙara wa yara bargo.

Ku kuma ƴan uwanmu masu sayar da kayan wuta, ku gaya wa mai saye gaskiyar abin da na'ura take ja. Ribar da za ta ƙone gidan maƙwabci ba riba ba ce. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyashe mu, amin.