KYAUTAR DOKI GA WANDA BA SHI DA DAWA

Ranar Asabar da ta wuce aka yi babban taro a ƙofar gidan marayu na garin nan. An kafa rumfuna, an jera kujeru, maroƙa sun yi ta zuba kirari tun hantsi har azahar. Dalilin taron kuwa shi ne wani tsohon mai muƙamin Gwamnati ya ba marayu kyautar tsohuwar motarsa, baƙar Marsandi, irin doguwar nan da a da in ta doso sai a kori masu talla daga bakin titi. Aka miƙa makulli, aka ɗauki hoto, aka yi addu'a, aka watse. Ba za mu ambaci sunansa ba, domin al'adar da ya ɗauko ita mu ke so mu duba, ko da wa ya yi ta.

Bayan kwana uku sai ga takarda tana zagaya kasuwa rumfa rumfa, wai kwamitin gidan marayu yana roƙon 'yan kasuwa su riƙa tara kuɗin mai da na gyara da albashin direba kowane wata. 'Ya'yan jam'iyyarmu da dama sun zo ofis suna tambaya, su bayar ko su hana? In sun hana a ce sun ƙi marayu, in sun bayar sun ɗauki kayan da ba su san ranar sauke shi ba. To, ga amsarmu.

Da fari dai mu ba mu raina kyauta, ba mu kuma shiga zuciyar kowa. Wanda ya tuna da maraya ya fi wanda bai tuna ba. Amma kowane ɗan kasuwa ya sani ba a karɓar kaya sai an kwance an duba. Mutanen da sun san wannan game da doki. In sarki ya ba talaka ingarma, ranar nan ana murna a gidansa. Kashegari sai a fara neman dawa da kanwa da ciyawa da mai shara a barga, kafin damina ta zo dokin ya cinye rumbun yara. Babbar mota ita ce ingarman zamanin nan, sai dai cikinta ya fi na doki zurfi.

Bari mu yi lissafi irin na kasuwa. Ran 29 ga Mayu 1923 ba a san wannan zance ba, amma ran 29 ga Mayu 2023 kowa ya san abin da ya faru: a ranar ne Shugaban Ƙasa ya ce tallafin mai ya ƙare. Kafin wannan rana litar fetur ba ta kai naira 200 ba a gidajen mai na hukuma. Kafin ƙarshen 1924 na su kakanninmu jaki su ke kora. Mu kuwa kafin ƙarshen 2024 mun ga lita ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Tankin babbar Marsandi yana shan lita 80 ko fiye. Watau a farashin nan cika shi sau ɗaya naira 80,000 ke nan, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu cikin Yuli 2024 naira 70,000 ne. Ma'aikaci ya yi wata guda cur yana aiki, bai isa ya cika cikin wannan mota sau ɗaya ba. Sa'an nan ga baƙin mai, ga taya, ga batir, ga lasin da inshora. Kayan gyaranta daga ƙasashen waje su ke zuwa, da dala a ke sayensu, makaniken da ya san kanta kuwa ba a kowane gareji a ke samunsa ba. Wannan shi ya sa masu irin waɗannan motoci su ke rabuwa da su in sun tsufa. Abin da ya gagari attajiri riƙewa, yaya zai yi sauƙi ga maraya?

Mun san ƙarshen irin wannan labari, domin mun sha gani. Wata uku tana yawo, galibi da shugaban kwamiti a kujerar baya. A wata na huɗu wani ƙarfe ya lalace, a ɗora ta kan bulo a tsakar gida, tayoyi su sace, kaji su koma kwana a ƙarƙashinta. Bayan shekara biyu wani dillali ya saye ta a ɓoye da kuɗin akuya, ba wanda ya ga rasit. Mai kyauta ya sami suna, dillali ya sami riba, 'yan kasuwa sun yi asarar abin da suka tara, marayu kuwa sun sami hoto.

Kada jama'a su zaci mu kaɗai wannan ciwo ya kama. A Amurka ba da tsohuwar mota ga ƙungiyar agaji tsohuwar al'ada ce, domin dokarsu ta yarda a rage wa mai bayarwa haraji gwargwadon darajar abin da ya bayar. Cikin 2003 ofishin da ke binciken kuɗi a madadin Majalisar Dokokinsu ya duba al'amarin. Ya tarar a shekarar 2000 kaɗai takardun haraji kamar 733,000 ne suka nemi wannan rangwame, abin da ya rage wa baitulmali dala miliyan 654. Sa'an nan ya bi sawun motoci 54 ɗaya bayan ɗaya, ya ga cikin kashi biyu bisa uku nasu abin da ya isa hannun ƙungiyar agaji bai wuce biyar cikin ɗari na darajar da mai mota ya rubuta ba. Dalili kuwa a fili ya ke: mai mota ya ɗaga farashi a takarda, motar a sayar da ita da arha a wurin gwanjo, sa'an nan a cire kuɗin janyo ta da na talla da la'adar 'yan tsakani. Da Majalisa ta ga haka sai ta gyara doka cikin 2004. Tun daga farkon 2005, in darajar da aka rubuta ta wuce dala 500, kuma ƙungiya ta sayar da motar, to, galibi abin da aka sayar da ita shi ne kawai za a lissafa wa mai kyauta. Watau sun daina auna kyauta da bakin mai bayarwa, suka koma auna ta da abin da ya shiga hannun mai karɓa. Wannan mudu mu ma shi mu ke so a auna mana da shi. A can rangwamen haraji mai kyauta ya ke nema, a nan suna da ƙuri'a. Mudu ɗaya ya isa duka biyun.

Akwai kuma waɗanda suka nuna yadda a ke yi. Cikin Nuwamba 2017 kamfanin Lamborghini ya ba Paparoma Francis sabuwar mota. Bai hau ba, bai kuma miƙa wa wata gwauruwa makulli ba. Aka yi gwanjonta a bainar jama'a a Monako cikin Mayu 2018, ta kama yuro 715,000, mafi yawan kuɗin aka tura don sake gina gidajen da yaƙi ya rusa a yankin Ninawa na Iraƙi. A nan kusa da mu, Thomas Sankara, wanda ya mulki Burkina Faso daga 1983 zuwa 1987, ya sayar da Marsandin Gwamnati, ya sa ministoci su hau ƙaramar Renault 5. Mu kuwa cikin 2023, watanni kaɗan bayan an ce talaka ya yi haƙuri da tsadar mai, sai aka ji za a saya wa 'yan Majalisar Tarayya, wakilai 360 da sanatoci 109, manyan motoci waɗanda jaridu suka ce kowace za ta kai naira miliyan 160. Na Gwamnati da na hamayya duk suna cikin rabon, ba mu ɓoye wannan ba. Nan da shekara goma waɗannan motoci za su tsufa. Za mu sake kafa rumfuna mu gode wa wanda ya maido mana ragowar abin da aka saya da harajinmu?

Malamanmu sun sha karanta mana gargaɗin da ke cikin Suratul Baƙara, cewa kada mutum ya zaɓo maras kyau daga dukiyarsa, wanda shi kansa ba zai karɓa da daɗin rai ba, ya ce sadaka ce. Kiristocin cikinmu ma sun san Linjila ta hana yin sadaka da shela. Ba mu muka ƙirƙiro wannan ba.

Saboda haka ga abin da mu ke kira a yi. Na ɗaya, kada ɗan kasuwa ya ba da ko kwabo don mai ko gyara. Abin da ya yi niyya ya kai shi hatsi ko sabulu ko kuɗin makaranta, hannu da hannu, a rubuta masa rasit. Na biyu, mai kyauta ya kawo takardun mota duka, har da na kwastan, a juya su da sunan gidan marayu. In kuwa asalinta ta Gwamnati ce, a nuna wa jama'a nawa ya biya da ranar da ya biya. Na uku, a kira makanike da dillalai biyu waɗanda ba su da dangantaka da kowa su ƙiyasta ta. Na huɗu, a yi gwanjonta a fili ran kasuwa, kada ɗan kwamiti ko ɗan'uwansa ko yaron mai kyauta ya taya, a kuma manna farashin a ƙofar gidan marayu da ƙofar kasuwa. Na biyar, in lalle gidan yana bukatar abin hawa, a sayi ƙaramar a-kori-kura ko adaidaita sahu, wadda kowane makanike zai gyara, za ta kai maras lafiya asibiti, ta kuma nemo abin da za ta ci.

In mai kyauta don Allah ya yi, zai fi kowa murna da wannan shawara, ladansa ma ya ƙaru. In ya yi fushi don ba za a ƙara ganin motarsa tana yawo da sunansa a jiki ba, to, jama'a sun gane wanda aka yi wa taron. Wannan ƙa'ida kuma ta hau kan manyan jam'iyyarmu kamar yadda ta hau kan na kowa. Duk wanda ya kawo irin wannan kyauta daga cikinmu, a wannan shafi zai karanta amsa iri ɗaya.

Muna roƙon shugabannin rassa da na 'yan kasuwa su kai wannan magana gaban kwamiti kafin ƙarshen wata, cikin ladabi, ba zagi ba tashin hankali. Allah ya jiƙan iyayen marayun nan, ya ba mu ikon riƙe amanarsu, amin.