Keken Hawan Dutse: Sirrin Amortisar Na Baya

Duk wanda ya bar gudurun Maradi ya nufi ƙauyukan Sae Sabuwa ya san wuyar gargada. Keken hawan dutse, wanda aka ƙago a Kaliforniya ta Amurka cikin shekarun 1970, yana da maganinta: amortisar, wanda makanikan Katsina ke cewa shokozoba.

Abu biyu ne cikinsa. Na farko murɗaɗɗen ƙarfe, ko iskar da aka matse, mai lanƙwashewa in taya ta faɗa rami. Na biyu mai ne, wanda ake tilasta wa bin ƙananan kafofi. Shi ke tausasa dawowar ƙarfen, ƙarfin bugun ya koma zafi. In ba man, keke sai tsalle kamar ɗan akuya, kuma haka yawancin masu araha suke.

Ƙa'ida ita ce, in mahayi ya zauna, amortisar ya nutse kashi 25 zuwa 30 cikin 100. A riƙa goge sandarsa, don ƙurar hunturu na cin robar da ke tsare mai.

Ma'aikaci mai doguwar tafiya zai tsirar da bayansa. Amma mai ɗaukar buhun hatsi, gara ya riƙe kekensa na da, mai ƙaƙƙarfan kariya. Araha ba ta ado.