Gyaran Jumlar Turanci da Neman Aikin Akawun Banki a Ƙasar Indiya

 Jama'a su sani a ƙasar Indiya akwai wata 'yar ƙofa wadda samari da 'yan mata dubban ɗaruruwa su ke cunkoso a bakinta kowace shekara, watau ƙofar aikin akawu a bankunan gwamnati. Tun shekarar 1969 zuwa yau ƙofar ta sha canje-canje, amma babbansu shi ne na 2016, sa'ad da aka soke ganawar baki da baki wajen ɗaukar ƙananan ma'aikata irin waɗannan. Daga nan ba a duban fuska, ba a sauraron zaƙin baki. Abin da mutum ya ci a jarrabawa shi ne mai cetonsa. A cikin jarrabawan nan kuwa akwai wani babi da ya ke kā da mutane da yawa, shi ne gyaran jumlar Turanci. Bisa kansa wannan magana ta ke.

Asalin al'amarin shi ne, a 1955 aka kafa State Bank of India. A watan Yuli na 1969 gwamnatin Indira Gandhi ta mayar da manyan bankuna 14 hannun hukuma, a 1980 aka ƙara 6. Rassa suka yaɗu har ƙauyuka, bukatar akawuna ta yawaita. Bayan haɗe-haɗen da aka kammala a 2020, bankunan gwamnati suka koma 12. Akwai wata hukuma a birnin Mumbai da a ke kira IBPS, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1984, tun 2011 kuwa ita ke shirya jarrabawa guda ta haɗin gwiwa. Bankuna 11 ne su ke ɗaukar akawunansu ta hannunta, shi kuwa State Bank tasa daban ya ke yi. A sanarwar farko ta 2024 gurabe 6,128 aka ambata ga ƙasar baki ɗaya. Sharaɗi shi ne mai nema ya kasance da digirin jami'a, shekarunsa tsakanin 20 da 28, sai waɗanda doka ta yi wa rangwame. Kowa ya dubi yawan mutanen Indiya ya dubi wannan adadi, ya san maki ɗaya ya isa ya raba mutum da aikin da gidansu duka ya rataya wa bege.

Jarrabawar hawa biyu ce, duka bisa kwamfuta. Hawan farko na tankaɗe ne. A tsarin 2023 tambayoyi 100 ne cikin minti 60: Turanci 30, lissafi 35, kaifin hankali 35. Kowane fanni an yanka masa minti 20 nasa, ba a rancen lokacin wani a ba wani, kuma kowane fanni sai mutum ya kai iyakar makin da aka ajiye masa. Gwanin lissafi in ya faɗi a Turanci ya faɗi ke nan. Mai karatu ya raba minti 20 ga tambayoyi 30, zai sami sakan 40 ga kowace tambaya. Wanda ya haye shi ke zuwa hawa na biyu, wanda da makinsa a ke rabon aiki, can ma Turanci yana jiransa.

Ga siffar tambayar. A kan kawo jumla a yanka ta gida huɗu, a ce wane gida ne ke da lahani, amsa ta biyar kuwa ita ce babu lahani. Wani lokaci a kan ware 'yan kalmomi cikin jumla, a jera waɗansu a ƙasa, a ce wanne ya dace ya maye gurbinsu. Misali a rubuta: One of the clerks are absent. Mai gaggawa ya kan ga jam'in akawuna kusa da fi'ili, sai ya ce jumla lafiya ta ke. Alhali kuwa wanda a ke ba da labarinsa mutum ɗaya ne daga cikinsu, saboda haka is ya kamata. An sa jam'in nan a tsakani ne don ya ruɗi ido. Misali na biyu: He is working here since 2019. A kunnen mai jin Hindi wannan daidai ne, domin haka harshensa ya ke gina maganar, haka ma Bahaushe ya kan ce yana aiki a nan tun 2019. Amma Turanci ba ya yarda. Aikin da aka fara a baya, har yanzu ba a daina ba, yana da siga tasa, watau has been working. Misali na uku: The manager discussed about the loan. Wannan fi'ili da kansa ya ke isa ga abin da ya faɗa wa, ba ya bukatar harafi ya raka shi, don haka about ƙari ne marar amfani.

To, masu shirin jarrabawan nan sun kasu kashi biyu. Kashi na farko su ne masu tara tambayoyin shekarun baya, su yi ɗari yau, su yi ɗari gobe, su duba jerin amsoshi a ƙarshen littafi, su ƙirga abin da suka ci, su rufe. In an tambayi ɗayansu don me wannan gida ne mai lahani, sai ya ce haka littafi ya ce, ko kuwa haka kunnensa ya ji. Wannan karatun aku ne. Kashi na biyu su ne waɗanda ba su barin jumla sai sun san illarta, su faɗi ƙa'idar da aka karya da sunanta, sa'an nan su ƙago wata jumla tasu bisa ƙa'idan nan. Waɗannan su ne a kan hanya, ko da goma kaɗai su ke yi a yini. Dalili kuwa a fili ya ke. Mai shirya jarrabawa ba ya maimaita jumla, ƙa'ida ya ke maimaitawa. Akawun bara zai zama ɗalibi bana, bashi zai zama wasiƙa, amma tarkon shi ne na jiya. Wanda ya haddace jumla an sake masa riga ya ɓata, wanda ya san ƙa'ida kuwa zai gane ta ko da wace riga ta zo.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya zauna a zauren nahawu. Ɗalibi ya kan fara da Ajurumiyya, ɗan littafin Ibnu Ajurum wanda ya rasu a Fas a 1323, kafin ya kai ga Alfiyya ta Ibnu Malik wanda ya rasu a Dimashƙa a 1274. Malami ba ya wadatuwa da ɗalibi ya faɗi wasalin ƙarshen kalma daidai, sai ya tambaye shi me ya kawo wasalin, mene ne matsayin kalmar, wa ya yi aiki a kanta. Dace ba ilmi ba ne a wurinsa. Turanci ba ya sake wasalin ƙarshe kamar Larabci, amma tambayar ɗaya ce: ina mai aikin, ina aikin, yaushe aka yi shi, wannan lamiri ga wa ya ke komawa? Duk jumlar da aka yi wa tambayoyin nan huɗu, da wuya lahaninta ya ɓuya.

Abin farin ciki ga mai shiri shi ne babobin ba su da yawa. Akwai dacewar fi'ili da mai aikinsa wajen tilo da jam'i. Akwai lokutan fi'ili. Akwai 'yan ƙananan kalmomin nan a da an da the, waɗanda Hindi ba shi da irinsu, shi ya sa su ke wahalar da mutanensa. Akwai haruffan da kowane fi'ili ya ke tafiya da su, da lamirai, da kalmomin da ba su karɓar jam'i, irin su information da furniture, da kalmomin da su ke tafiya biyu-biyu, irin su neither da nor. Waɗannan su ne mafi yawan abin da a ke kewayawa a kai. Littafin nahawun Wren da Martin, wanda aka fara bugawa a 1935 domin makarantun Indiya, ya tattara su, har yanzu kuwa ana karanta shi.

Saboda haka shawara ita ce mai shiri ya ɗauki babi ɗaya ya zauna da shi har ya nuna, kāna ya wuce gaba. Ya ajiye littafin rubutu na kurakuransa kaɗai, ya rubuta jumlar da ta kā da shi, da gyaranta, da dalilin gyaran, ya riƙa bitarsa kowane mako. Kuskuren da ya dawo sau uku ya san nan ne ramin da ya ke faɗawa. Kada ya fara da agogo. Sauri ya haifi nawa. Sai ƙa'ida ta zauna sa'an nan ya ɗora agogo a gabansa, ya saba da sakan arba'in ɗin nan. Ya kuma lizimci karanta tsabtataccen Turanci kullum, ko da shafi ɗaya ne. Masu shiri da yawa a can sun riƙi sharhin jaridar The Hindu, wadda aka kafa a Madras a 1878. Fa'idar karatun ita ce kunne ya saba da daidai, domin wanda bai taɓa riƙe kuɗi na gaske ba, ba ya gane jabu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma maganar caca da amsa. Kowace amsa ta kuskure ana zaftare mata rubu'in maki, wadda aka bari ba a taɓa ba kuwa ba a cire kome. Mai karatu ya yi lissafi: wanda ya rufe ido ya zaɓa a tambayoyi biyar masu amsa biyar-biyar, bisa galibi zai dace da ɗaya ya sami maki guda, ya kuskure huɗu a cire masa maki guda. Ya tashi a tutar babu, ga lokaci ya ɓata. Amma wanda ƙa'ida ta nuna masa gida biyu ko uku lafiyayyu ne, zaɓensa tsakanin sauran yana da riba. Har wajen shakka ma mai sanin dalili shi ke da rinjaye. Shi kaɗai ne kuma ya ke da ƙarfin zuciyar zaɓen amsa ta biyar, ya ce babu lahani, domin mai hadda kullum yana zaton akwai abin da ya ɓuya masa.

Wani zai ce, ina adalci a nan? Akawun da zai zauna a reshen ƙauye da manoma zai yi magana, da harshensu. Ɗan birni da ya yi makarantar Turanci tun yana ƙarami ya riga ɗan ƙauye tashi. Wannan kuka yana da gaskiya, tsohon kuka ne kuwa. Tsarin mulkin Indiya na 1950 ya ba Turanci shekara 15 a ayyukan hukuma, dokar 1963 ta ba shi damar zarcewa, a 1965 kuma aka yi tarzoma a jihar Madras saboda tsoron a ɗora musu Hindi. A 2021 hukuma ta yarda a riƙa yin jarrabawar akawu da harsuna 13 na jihohi, irin su Tamil da Bengali da Urdu, ban da Hindi da Turanci. An kyauta da wannan. Amma fannin Turanci yana nan da Turancinsa, domin ƙasa mai harsuna 22 a jerin tsarin mulkinta tana bukatar harshen da reshen kudu zai rubuta wa na arewa. Haƙƙi ne bisa hukuma ta gyara koyarwa a makarantun ƙauye. Kafin ta gyara, ɗan ƙauye ya sani babin gyaran jumla shi ne inda ya fi iya cim ma ɗan birni, gama ƙa'idodi ƙirgaggu ne, mai naci yana ƙure su.

Kada kuma a ɗauka wahalar nan ta ƙare ranar jarrabawa. Aikin akawu duka lura ne. Dokar takardun kuɗi ta Indiya ta 1881 ta ce in adadin da aka rubuta da lamba ya saɓa wa wanda aka rubuta da kalmomi, na kalmomin shi ne abin biya. Idon da ya saba tsayawa bisa harafi ɗaya cikin jumla, shi ne zai tsaya bisa sifiri ɗaya cikin ceki, ko suna da aka sauya wa harafi, ko kwanan wata da ya wuce. Dukiyar mutane amana ce a hannunsa. Wanda ya shiga da dace zai yi aiki da dace, ranar da dacen ya ƙi kuwa wani talaka ne zai kwana da asara.

Samarin Nijeriya su ma su ɗauki rabonsu a nan, gama bankunan ƙasarsu su kan gwada masu neman aiki da Turanci da lissafi cikin ƙayyadadden lokaci, kuma tarkunan jumla iri ɗaya ne ko'ina. Iyaye da malamai su daina tambayar yaro tambaya nawa ya yi yau. Su buɗe littafinsa, su nuna masa jumla guda da ya gyara, su ce ya faɗi dalili. In ya faɗa, a sa masa albarka ya ci gaba. In ya yi shiru, ya koma babin nan tun lokaci bai ƙure ba.