Ƙasar Batsari Da Safana Da Batun Girgizar Ƙasa

Wanda ya bi hanyar Safana zuwa Batsari ya ga manyan duwatsu a tsaye ta kowane gefe, ya kan ɗauka ƙasar nan ba abin da zai motsa ta. Masana ma sun yarda tsohuwa ce ƙwarai, gama duwatsunta sun kafu tun kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Amma fa akwai tsagogi masu zurfi cikin irin wannan dutse, kamar wadda ta ratsa ƙasar Anka a Zamfara, yamma da dajin Rugu, da ta Kalangai wajen Birnin Gwari. Bisa irin waɗannan tsagogi ne dutse kan goce, ƙasa ta girgiza.

Kada a ce wannan labarin ƙasashen nesa ne. Ran 22 ga Yuni, 1939, girgiza ta kashe mutane a Ankara, babban birnin Gana. A watan Satumba na 2016 ƙasa ta motsa a Kwoi, cikin Jihar Kaduna, bangaye suka tsage, jama'a suka firgita. Bayan shekara biyu aka ji irinta a Mpape ta Abuja.

Ba mai iya faɗin ranar da girgiza za ta auku. Abin da masana ke iya yi shi ne su gane tsagar da ke motsi har yanzu da wadda ta daɗe da kwantawa. Don haka Gwamnati ta kafa cibiya a Toro, Jihar Bauci, mai na'urorin auna motsin ƙasa. Amfanin wannan sani a wajenmu a fili yake. Madatsar ruwan Zobe da ke Dutsin-Ma, maƙwabciyar Safana, tana riƙe da ruwa mai yawa, makarantunmu kuwa cike suke da yara. Ya kamata a auna ƙasa kafin a haƙa harsashin kowane babban gini. Tun ran gini, ran zane.

To, malamai da akawuna, ga naku aikin. In an ji ƙasa ta yi ruri, ko bango ya tsage ba dalili, a rubuta rana da sa'a da sunan ƙauyen, a aika wa Hakimi da ƙaramar hukuma. Da irin wannan rubutu ne masana ke gane inda za su fara dubawa.