Tecno Ko Samsung: Wace Ce Ta Dace Da Ɗan Kasuwar Gobir?

Tun daga shekarar 2001 da aka buɗe layukan wayar hannu a Nijeriya, wannan 'yar na'ura take ƙara karɓar ayyukan da ba nata ba ne tun asali. A yau, a garuruwa irin su Sabon Birni, Isa, Gatawa da Bafarawa, waya ce ɗan aike, ita ce rediyo, ita ce fitila, kuma tun ƙarancin takardun kuɗin da aka sha a farkon 2023 ta zama aljihun ɗan kasuwa. Saboda haka musun da ake tafkawa a rumfunan masu sayar da waya, tsakanin magoya bayan Tecno da na Samsung, ya wuce na hira. Kuɗin babbar waya guda kuɗin buhunan gero ne, wanda ya yi kuskure wajen zaɓe kuwa shi da iyalinsa za su ji a jika.

Domin kada magana ta tsaya a kan suna kawai, ya kyautu a ɗauki wayoyi biyu da suka fito a lokaci guda, wato ƙarshen 2023: Tecno Spark 20 da Samsung Galaxy A15. Ƙannensu sun biyo baya, amma bambancin hali tsakanin gidajen biyu yana nan yadda yake. Tecno ta kamfanin Transsion ce na ƙasar Sin, wanda aka kafa a 2006, kuma shi ne dai mai Itel da Infinix. Ya zaɓi Afirka ta zama babbar kasuwarsa, ya shigo ta da wayoyi masu layi biyu a lokacin da manyan kamfanoni ba su ɗauki wannan buƙata da muhimmanci ba. Samsung kuwa na Koriya ta Kudu ne, yana ƙera wayoyinsa domin duniya baki ɗaya, Afirka ɓangare ce kawai a lissafinsa.

Abin da ya kamata ɗalibi ya fara sani shi ne yadda gilashi yake gane yatsa. A ƙarƙashin gilashin wayar akwai wani siririn shimfiɗi mai ɗaukar lantarki, wanda ido ba ya gani, an jera shi layi-layi kamar saƙar tabarma. Jikin ɗan Adam kuwa kusan kashi 60 cikin 100 ruwa ne, ruwan kuma ɗauke yake da gishiri iri-iri, don haka lantarki yana iya bi ta cikinsa. Da zarar yatsa ya sauka a kan gilashin, sai ya sauya yawan cajin da ke wurin da ya taɓa, na'urar da ke ciki kuma ta auna inda sauyin ya faru. Wani injiniya ɗan Ingila, E. A. Johnson, shi ne ya fara bayyana wannan dabara a 1965, amma ba ta shiga aljihun jama'a ba sai bayan fitowar iPhone a 2007. Malamin kimiyya zai iya nuna wa ɗalibansa wannan a aji ba tare da ya sayi komai ba. A taɓa fuskar waya da busasshen karan dawa, ba za ta motsa ba. A taɓa ta da ɗanyen gurji ko ayaba da aka riƙe a hannu, sai a ga ta amsa, domin ƙwayoyin halittar da ke cikinsu cike suke da ruwa da gishiri.

Daga nan ake gane dalilin da ya sa manomi ko makiyayi yakan shafa waya ta ƙi amsawa, musamman lokacin hunturu. Fatar da ke saman yatsa matattun ƙwayoyi ne, idan ta yi kanta saboda riƙon fartanya, iska kuma ta busar da ita, sai ta zama shinge tsakanin gilashi da ruwan jiki. A wannan fage babu wadda ta fi wata, domin dabarar da Tecno da Samsung suke amfani da ita iri ɗaya ce. Sau da yawa mutum yakan zagi waya alhali maganin matsalar ɗan man shafawa ne.

Inda suka fara rabuwa shi ne fuskar kanta. Ta Galaxy A15 irin wadda ake kira AMOLED ce, kowane ɗigo a cikinta shi yake ba da haskensa, kuma ɗigon da ya kamata ya zama baƙi kashe shi ake yi gaba ɗaya. Tana da ɗigo 1080 a faɗi da 2340 a tsawo, wato sama da miliyan biyu da rabi. Ta Spark 20 kuwa LCD ce, mai fitila guda a bayanta da ke kunne muddin fuskar tana buɗe, da ɗigo 720 a faɗi da 1612 a tsawo, ƙasa da rabin na Samsung ke nan. Mai karanta lambar asusun banki a tsakiyar rana a kasuwar shanu zai ga bambancin da idonsa, haka ma ɗalibin da yake karanta littafi mai ƙananan haruffa a waya. Nan kam Samsung ta yi gaba, babu musu.

To, amma gilashi fashewa yake yi. Waya tana faɗuwa daga aljihun ɗan acaɓa, tana shiga ƙarƙashin buhun albasa, yara suna wasa da ita. Fuskar AMOLED ta asali ta fi ta LCD tsada nesa ba kusa ba, kuma ba kowane mai gyara ne yake ajiye ta ba. Abin da aka fi samu shi ne kwaikwayo, wanda da an saka shi, fifikon da aka biya kuɗi dominsa ya tafi. Kayan Tecno kuwa sun cika kasuwa, yaran da suka koyi gyara a Sakkwato ko Kano sun saba da cikinta, kamfanin kuma yana da nasa gidan gyara mai suna Carlcare a manyan birane. A wani wuri wannan magana ce ta ɓata lokaci kawai. A gabashin Sakkwato, inda 'yan bindiga suka shafe shekaru suna tare hanyoyi, gyaran da zai sa mutum ya kama hanyar birni abu ne da ake lissafa shi da rai. Duk mai kwatanta wayoyin nan ya bar wannan a waje, bai yi lissafin mutumin Isa ba.

Batun batir shi ne ya fi cancantar a dakata a kansa, domin a nan ne ake yawan yaudarar mai saye. Wayoyin biyu batirinsu ɗaya ne a takarda, 5000 mAh. Na'urar lissafin da ke cikin A15, Helio G99, an ƙera ta da tsarin da ake kira na nanomita 6, ta Spark 20 kuwa, Helio G85, da na nanomita 12, kuma sabon tsarin ya fi tattalin wuta. (Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita; faɗin ƙwayar cutar korona kusan nanomita 100 ne.) A15 tana karɓar caji mai ƙarfin wat 25, Spark wat 18, sai dai Tecno tana saka kan caja a cikin kwali, Samsung kuwa a yawancin ƙasashe igiya kawai take bayarwa. Wannan duk gaskiya ne, amma abin da yake kashe batir a ƙasar Gobir ba ya cikin waɗannan lambobi. Zafi ne.

Batirin lithium, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991, kuma ya sa aka ba John Goodenough, Stanley Whittingham da Akira Yoshino kyautar Nobel a 2019, tukunyar sinadarai ce. Ban da aikin da ake so ya yi na ajiye wuta da sakin ta, akwai wasu haɗuwar sinadarai da ke gudana a gefe, suna cinye shi sannu a hankali. Ɗaliban ilimin halittu sun san ƙa'idar nan daga darasin sinadaran narkar da abinci: ƙarin zafi na digiri 10 yakan ninka saurin haɗuwar sinadarai kusan sau biyu. Abin da yake sa nono ya yi saurin tsami da bazara, shi yake sa batir ya yi saurin tsufa. Masu ƙera waya sukan ba da shawarar a yi amfani da ita tsakanin digiri 0 da 35 a ma'aunin Salshiyas. A watannin Afrilu da Mayu zafin inuwa a jihar Sakkwato yakan haura digiri 40. A ɗora a kan haka shagon caji mai rufin kwano, wayoyi hamsin a jibge kan tebur guda, kowace tana fitar da nata zafin, janareta yana ƙugi a bakin ƙofa. Batirin da aka yi wa irin wannan riƙo, ko na wane kamfani ne, ba zai kai shekarun da aka yi masa alkawari ba. Idan ya kumbura ya ɗago bayan waya, iska ce ta taru a ciki, kuma a daina cajinsa nan take. Girman suna ba ya kare kowa daga wannan haɗari: a 2016 Samsung ta janye Galaxy Note 7, ɗaya daga cikin wayoyinta mafi tsada, daga kasuwannin duniya saboda batirinta yana kamawa da wuta.

Kyamara kuwa, maganarta gajeriya ce. Ta baya megapiksel 50 ce a duka biyun, ta gaba 32 a Spark, 13 a A15. Tecno ta yi suna wajen daidaita kyamararta da baƙar fata, wadda sinadarin melanin da ke cikinta yake shanye haske fiye da farar fata, kuma wannan abin yabo ne. Amma dillalin da yake tura hoton bijimi ga mai saye a Legas ta WhatsApp ya sani cewa manhajar tana matse hoton kafin ya tafi, sai in an zaɓi akasin haka. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Akwai wani darasi da mutanen wannan yanki suka koya da wahala. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa, da nufin toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa. Waɗanda suke kusa da iyaka sun koma neman sabis ɗin Jamhuriyar Nijar. Ko ba a lokacin tashin hankali ba, Bagobirin Sabon Birni yana da 'yan'uwa a Tsibiri da abokan ciniki a Maraɗi, don haka layi biyu larura ce a gare shi. Wayoyin biyu suna ɗaukar layi biyu, amma mai saye ya zaro ma'ajin layin ya duba da kansa, domin a wasu wayoyin Samsung gurbin layi na biyu shi ne kuma na katin memori, sai dai a zaɓi ɗaya.

Saura abu ɗaya, wanda ido ba ya gani, kuma shi ne ya fi nauyi ga mai ajiye kuɗi a waya. Manhajar da ke tafiyar da waya tana da ɓaraka da ake ganowa lokaci zuwa lokaci, ɓarayin intanet kuma ta nan suke shiga. Kamfani ne yake aiko da facin da ke toshe su. Samsung ta yi wa A15 alkawarin wannan faci na tsawon shekara 5, ta yi wa A16 da ta fito a 2024 na shekara 6. Alkawarin Tecno ga wayoyinta masu araha bai kai wannan tsawo ba. Haka kuma a 2020 masu binciken tsaro na Secure-D sun bayyana cewa dubban wayoyin Tecno W2 sun shiga kasuwannin Afirka ɗauke da ɓoyayyiyar manhaja mai cinye data da kuɗin kati. Kamfanin ya ce wani daga cikin masu ba shi kaya ne ya cusa ta, ya kuma fitar da gyara. Tsohuwar magana ce, amma tana nuna cewa araha ba ta ado a inda dukiya take.

Bisa ga wannan, babban ɗan kasuwar da jarinsa yake shige da fice ta OPay, Moniepoint ko manhajar banki, wanda yake iya riƙe waya shekara huɗu cikin riga da inuwa, Samsung ce ta fi dacewa da shi, kuma ƙarin kuɗin da zai biya bai kai asarar yini guda ba idan aka kutsa asusunsa. Ga mafi yawan jama'a kuwa, manomi, ɗan acaɓa, mai shayi, ɗalibi, waɗanda wayarsu ƙura da zafi da faɗuwa za su gama da ita kafin alkawarin shekara 5 ya yi musu wani amfani, Tecno ce daidai ruwa daidai tsaki, saboda ana gyara ta a cikin gari da kuɗi kaɗan. Abin takaici shi ne sau da yawa akasin haka ake gani: matashi ya ci bashi ya sayi Samsung don a gan shi da ita, Alhajin da miliyoyi suke wucewa ta hannunsa kuma yana riƙe da tsohuwar wayar da rabonta da faci an yi shekaru, lambar sirrinsa kuwa shekarar haihuwarsa.

Ko wace aka zaɓa, kasuwannin kan iyaka ba sa rasa jabu da wayoyin sata da aka mayar kwali. Kafin a miƙa kuɗi, a danna *#06#. Lamba mai alƙaluma 15 za ta fito, wadda ake kira IMEI, a gwada ta da wadda take jikin kwalin, a kuma sa mai shago ya rubuta ta a kan rasit.